Ciwon rikicewar hanji: gado ne ko yanayin rayuwa?

Malam_Ilyasu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata tambaya da ta daɗe tana damuna game da ciwon rikicewar hanji, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da IBS, wato ciwon da mutum zai riƙa fama da murɗawar ciki da kumburi, bayan gida kuma ya sauya masa, wani lokaci gudawa, wani lokaci tauri, amma idan aka yi gwaje-gwaje ba a ga gyambo ko ƙari a hanjinsa ba. Na lura cewa ciwon yakan taru a gida ɗaya, uwa da 'ya'yanta ko wa da ƙane, kuma a ganina hakan hujja ce ta cewa gadonsa ake yi. Idan kuwa gado ne, to, shawarar da ake yawan bai wa mutane ta su gyara barci da cin abinci da motsa jiki ba za ta kare wanda bai riga ya kamu ba. Ina roƙon masu ilimin abin su faɗa mana abin da bincike ya nuna.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina tare da kai a kan wannan ra'ayi. Mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da shi, ni ma ina da shi, ƙanwata ma haka, alhali ƙanwar tawa mace ce mai kula da abin da take ci, ba ta wasa da barci, kuma tana motsa jiki fiye da kowa a cikinmu. Idan ba gado ba ne, me ya haɗa mu uku a ciwo ɗaya?

Ɗalibin_Halitta:
Malama Ummu_Hanan, abin da ya haɗa ku ya fi ƙwayoyin gado yawa, domin 'yan gida ɗaya suna tarayya a abinci da ruwan sha da cututtukan da suka ratsa gidan, har ma da yadda ake ɗaukar ciwon ciki idan ya zo. Saboda wannan ne masu bincike suka koma ga tagwaye. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa kusan rabi kawai suke tarayya a kai, don haka idan ciwo gado ne tsantsa, ya kamata duk lokacin da ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya ya kamu, ɗan'uwansa ma ya kamu. A wani bincike da aka wallafa a 2001 kan dubban tagwaye a Amurka, an samu cewa ciwon ya haɗa tagwayen ƙwai ɗaya a kashi 17.2 cikin 100, na ƙwai biyu kuma a kashi 8.4. Ninkin da aka samu ya nuna cewa gado yana da hannu, amma kashi 17 ɗin da kansa ya nuna cewa mafi yawan waɗanda halittarsu take iri ɗaya sak ba su haɗu a ciwon ba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, a tsakanin tagwayen ƙwai biyu, samun uwa mai ciwon ya fi yawa a kan samun ɗan tagwaye mai ciwon, alhali rabon gadon da mutum yake tarayya da kowannensu kusan ɗaya ne. Masu binciken sun fassara hakan da cewa abin da yaro yake koya a gida game da ciwo yana da tasiri wanda bai gaza na gado ba.

Malam_Ilyasu:
Na gode da wannan bayani. Shin sauran binciken tagwaye sun zo da sakamako irin wannan?

Ɗalibin_Halitta:
Ba su zo daidai ba, Malam. Binciken tagwaye na Norwe na 2006 ya samu tazara mai faɗi, kusan kashi 22 a kan kashi 9, ya kuma nuna cewa waɗanda aka haifa da nauyi ƙasa da kilo ɗaya da rabi sun fi kamuwa. Na Birtaniya kuwa, wanda ya fito a 2005, bai samu wani bambanci ba, domin kashi 28 ne a kan kashi 27.

Likita_Sa'adatu:
Ina so in ƙara wani abu da yake bayyana dalilin wannan saɓani, wato yadda ake tantance wanda yake da ciwon tun farko. Babu gwajin jini ko hoto da yake tabbatar da shi, alamomi ake bi. Ma'aunin da aka fitar a 2016, wanda ake kira Rome IV, ya ce sai mutum yana da ciwon ciki aƙalla kwana ɗaya a mako cikin watanni uku na baya, ciwon kuma yana da alaƙa da biyu daga abubuwa uku: fitar bayan gida, sauyin yawansa, ko sauyin kamanninsa, sannan alamomin sun fara aƙalla watanni shida kafin nan. Ma'aunin da ya gabace shi ya fi sassauci. A babban binciken da aka yi a ƙasashe 33, wanda ya fito a 2021, tsohon ma'aunin ya ba da kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka tambaya ta intanet, sabon kuma ya ba da kusan kashi 4. Idan wani bincike ya dogara da abin da mutum ya faɗa da bakinsa, wani ya dogara da takardun asibiti, wani kuma ya yi amfani da tambayoyin ma'auni, ba mutane iri ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma ba abin mamaki ba ne idan lissafin gadonsu ya bambanta.

Baban_Khadija:
Likita, wannan magana ta yi mini amfani ƙwarai. Amma har yanzu tambayar Malama Ummu_Hanan tana nan, domin tagwaye ma gida ɗaya suke tashi. Babu hanyar da za a raba gida da jini gaba ɗaya?

Likita_Sa'adatu:
Akwai, kuma an gwada ta a Suwidin, inda ake da rajistar lafiya ta ƙasa baki ɗaya. An duba yaran da aka ba riƙo suka tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba, aka ga cewa haɗarin ya ƙaru idan ɗaya daga iyayen da suka haife su yana da ciwon, bai kuma ƙaru ba idan mariƙin ne yake da shi. Daga nan aka ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 20 cikin 100. Sai dai wani binciken na ƙasar ya nuna cewa haɗarin ya ƙaru har a tsakanin ma'aurata, waɗanda ba jini ya haɗa su ba, zama ne ya haɗa su. Saboda haka ni ba na ganin za a iya zaɓar ɓangare ɗaya a yar da ɗayan.

Nas_Balaraba:
Ni ta ɓangaren aikin jinya nake kallon abin, kuma ina ganin an bar wani babban sanadi a baya, wanda ba gado ba ne kuma ba halin rayuwa ba ne, wato ciwon da yake biyo bayan gudawa mai tsanani. A shekarar 2000 ruwan sha ya gurɓata da ƙwayoyin cuta a garin Walkerton na Kanada, mutane fiye da 2,000 suka kamu, bakwai suka rasu, kuma likitocin da suka bibiyi mutanen garin shekara da shekaru sun ga cewa waɗanda suka yi gudawar sun fi sauran kamuwa da rikicewar hanji nesa ba kusa ba. Haka ya faru a birnin Bergen na Norwe a 2004, inda ƙwayar Giardia ta shiga ruwan sha. Bayan shekaru uku, kusan kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna da alamomin ciwon, a kan kashi 14 na waɗanda ba su kamu ba. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2017 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana da ciwon shekara guda bayan cutar hanji, haɗarin kuma ya ninka kusan sau huɗu. Mata sun fi shiga wannan haɗari, haka waɗanda cutar ta yi wa tsanani, da waɗanda suke cikin damuwa a lokacin da ta same su.

Abu_Mus'ab:
Abin da Nas_Balaraba ta faɗa shi ne ya same ni. Ban taɓa sanin ciwon ciki ba sai bayan wata gudawa da ta kwantar da ni, na warke daga gare ta amma cikina bai koma yadda yake ba har yau. A danginmu kuma babu wanda yake da shi.

Ummu_Hanan:
Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Amma ai ko a Bergen ɗin fiye da rabi ba su kamu ba duk da cewa cuta ɗaya suka yi. Me ya kare waɗannan ya bar waɗancan? Ni a nan nake ganin gado ya sake dawowa.

Mai_Nazari:
Wannan tambaya ce mai kyau, Malama, kuma ita ce ta sa aka shiga duban ƙwayoyin gadon kai tsaye. Wani babban bincike a wannan fanni ya fito a 2021 a mujallar Nature Genetics, inda aka kwatanta mutane 53,400 masu ciwon da mutane 433,201 marasa shi, da yawansu daga rumbun bayanan UK Biobank na Birtaniya, sannan aka sake gwada sakamakon a kan bayanan abokan cinikin kamfanin gwajin ƙwayoyin gado na 23andMe. An gano wurare shida a cikin ƙwayoyin gado da suke da alaƙa da ciwon, daga ciki akwai waɗanda suke kusa da ƙwayoyin gado masu suna NCAM1 da CADM2 da BAG6. Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan aiki. Na farko, duk ƙananan bambance-bambancen gado da aka auna, idan aka haɗa su, abin da suka bayyana bai kai kashi 6 cikin 100 na bambancin haɗari tsakanin mutane ba, kuma kowane ɗaya daga wuraren shida ɗan ƙaramin ƙari yake yi. Na biyu, wanda ya fi ba mutane mamaki, mafi yawan wuraren da aka gano aikinsu ya fi bayyana a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma huɗu daga cikinsu an riga an danganta su da fargaba da ciwon damuwa ko aikin jijiyoyi. Tushen gadon rikicewar hanji da na fargaba sun yi tarayya sosai. Wato abin da ake gada, a mafi yawan mutane, ya fi kama da saurin amsawar jijiyoyin da suka haɗa hanji da ƙwaƙwalwa.

Hajiya_Turai:
Ni wannan magana ba ta yi mini daɗi ba, kuma zan faɗi dalilina. Shekaru na yi ana ce mini ciwona tunani ne kawai, in rage damuwa zai tafi, har wani likita ya sallame ni ba tare da ya saurari bayanina ba. Yanzu kuma a ce bincike ya nuna gadon ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ina jin tsoron masu raina ciwon su mai da wannan hujja a kanmu.

Mai_Nazari:
Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma binciken bai ce fargaba ce take haifar da ciwon ba. Abin da ya nuna shi ne tushe ɗaya yana iya fitar da rassa biyu, wani ya fito a hanji, wani a yanayin zuciya, kuma mutum yana iya samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Hanji yana da nasa tsarin jijiyoyi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin da yake jikin mutum, wanda jijiyoyi suke aika saƙo da shi, a hanji ake samar da shi.

Likita_Sa'adatu:
Ina goyon bayan Mai_Nazari, kuma ina ba ki haƙuri, Hajiya, kan abin da kika fuskanta, domin ciwon gaskiya ne, kuma an auna cewa hanjin masu shi da yawa yana jin zafi a kan matsin da bai dami sauran mutane ba. Akwai binciken da aka yi a Ostareliya inda aka bibiyi mutane tsawon lokaci don a ga wanne yake rigayar wani. A wasu damuwa ce ta fara zuwa sannan ciwon hanji ya biyo, amma a mafi yawa ciwon hanjin ne ya riga, damuwar ta zo daga baya, kuma duk wanda ya san yadda ciwon yake hana mutum tafiya da zama cikin jama'a ba zai yi mamakin hakan ba. An kuma samu alaƙa tsakanin ciwon da wahalhalun ƙuruciya, irin su cin zarafi, amma wannan ƙarin haɗari ne a wasu mutane, ba bayanin kowane mai ciwo ba ne.

Ɗalibin_Halitta:
Akwai 'yan tsiraru da gado yake musu aiki kai tsaye a hanjin kansa, kuma bai kamata a manta da su ba. Masu bincike a asibitin Mayo Clinic na Amurka sun ruwaito a 2014 cewa kusan kashi 2 cikin 100 na masu ciwon da suka gwada suna da sauyi a ƙwayar gado mai suna SCN5A, wadda take sarrafa wata mashigar sodiyam da ake samu a tsokar zuciya da ta hanji, kuma taurin bayan gida ya fi yawa a cikinsu. Akwai kuma waɗanda suka gaji raunin sinadarin da yake narkar da sukari da sitaci a ƙaramin hanji, abin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji ya jawo iska da gudawa. Gidan da ciwon ya taru sosai, kamar na Malama Ummu_Hanan, yana iya kasancewa daga irin waɗannan, ko da yake ba a yin waɗannan gwaje-gwaje ga kowane mai ciwo.

Malam_Ilyasu:
Na ji duk wannan, kuma na yarda rabon gado bai kai yadda na ɗauka a farko ba. Amma ɓangare na biyu na tambayata bai samu amsa ba. Akwai hujjar cewa gyara rayuwa yana hana ciwon zuwa, ko dai yana rage shi ne kawai bayan ya zo?

Baban_Khadija:
Akwai wani bincike da ya taɓo wannan, Malam, ya fito a mujallar Gut a 2024. An ɗauki mutane 64,268 daga UK Biobank waɗanda ba su da ciwon a farko, aka bibiye su kimanin shekaru 12 da rabi, mutum 961 suka kamu. An duba halaye biyar: rashin taɓa shan taba, isasshen barci, motsa jiki mai ƙarfi, ingancin abinci, da matsakaicin shan barasa. Wanda yake da hali ɗaya haɗarinsa ya ragu da kashi 21 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ba shi da ko ɗaya, mai biyu da kashi 36, mai uku zuwa biyar da kashi 42. Da aka ware su ɗaya-ɗaya, barci ne ya fi ƙarfi, sai motsa jiki, sai rashin shan taba, ingancin abinci da batun barasa kuwa ba su nuna tasiri su kaɗai ba.

Mai_Nazari:
Alƙaluman daidai ne, amma ina so a karanta su da hankali. Wannan bincike ne na sa ido, ba a raba mutane gida biyu aka sa wasu su gyara barci aka bar wasu ba. Mutumin da cikinsa ya fara damunsa shekaru kafin likita ya rubuta sunan ciwon yana iya rasa barci ya kuma daina motsa jiki saboda ciwon, sai lissafi ya nuna kamar rashin barcin ne ya kawo ciwon. Haka kuma, idan gadon da ya shafi fargaba yana hana barci kuma yana ƙara haɗarin ciwon, to, barcin da ciwon za su bayyana tare ko da ɗaya bai haifi ɗaya ba. Sannan waɗanda suka shiga UK Biobank tsakanin 2006 da 2010 mutane ne masu shekaru 40 zuwa 69, mafi yawansu 'yan asalin Turai, sun kuma fi sauran jama'a lafiya, alhali wannan ciwo ya fi farawa tun ƙuruciya ko farkon girma. Wannan gibi ya shafi binciken gadon na 2021 ma, domin shi ma a kan 'yan asalin Turai aka yi shi, kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa wuraren shida za su yi aiki iri ɗaya a kowace al'umma kafin a gwada.

Nas_Balaraba:
Duk da haka, motsa jiki an gwada shi ta hanyar raba mutane gida biyu, sai dai a kan waɗanda suka riga suka kamu. A Gothenburg ta Suwidin, a wani gwaji da ya fito a 2011, an sa rukuni ɗaya motsa jiki na minti 20 zuwa 60, kwana uku zuwa biyar a mako, har makonni 12, alamominsu suka yi sauƙi fiye da na rukunin da ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya saba.

Abu_Mus'ab:
Na yi mamakin jin cewa ingancin abinci bai nuna tasiri ba, domin ni abinci ne yake tayar mini da shi. Albasa da tafarnuwa da madara, duk ranar da na ci su da yawa sai na kwana da kumburi.

Likita_Sa'adatu:
Babu karo a nan, ɗan'uwa, domin abin da yake tayar da ciwo daban, abin da ya kawo shi daban. Abubuwan da ka lissafa suna cikin rukunin da masu bincike na Jami'ar Monash ta Ostareliya suka sa wa suna FODMAP a 2005, wato nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotse su sosai, sai su ja ruwa, ƙwayoyin babban hanji kuma su ruɓar da su su fitar da iska. Hakan yana faruwa a cikin kowa, amma mai hanji mai saurin jin zafi shi ne yake wahala da shi. Rage su yana taimaka wa da yawa, sai dai tsari ne na 'yan makonni, daga nan a riƙa dawo da abincin ɗaya-ɗaya don a gane wanda yake damun mutum, kuma ya fi kyau a yi shi tare da masanin abinci. Wanda ya dawwama a kan ƙaurace wa komai yana iya jawo wa kansa ƙarancin abinci mai gina jiki. Ina kuma roƙon duk mai karanta wannan muhawara kada ya sa wa kansa sunan ciwon don kawai yana gidansu. Jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, gudawar da take tayar da mutum cikin dare, farawar alamomi bayan shekara 50, ko tarihin sankarar hanji a dangi, duk waɗannan suna buƙatar gwaji a asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ummu_Hanan:
Na gode, Likita. Ni dai har yanzu ina ganin a gidanmu gado ya fi rinjaye, ko da a wasu gidajen ba haka ba ne. Abin da nake so in sani shi ne dalilin da ya sa mu mata uku muka kamu, 'yan'uwanmu maza biyu kuma babu wanda ya kamu.

Ɗalibin_Halitta:
A mafi yawan ƙasashen da aka yi bincike mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, musamman nau'in da yake zuwa da taurin bayan gida, kuma mata da yawa suna ganin alamomin suna tsananta a lokacin al'ada, abin da ya sa ake duban rawar sinadaran jikin mace. A 2018 an ruwaito wani wuri a kuromozom na 9, wato ɗaya daga ƙunshin ƙwayoyin gado, wanda alaƙarsa da ciwon ta bayyana a mata kaɗai. Amma a lura cewa mata sun fi maza kai ƙorafin ciki gaban likita a wurare da dama, don haka yana da kyau a tambayi 'yan'uwan naku maza kai tsaye ko suna da alamomin da ba su taɓa faɗa ba.

Hajiya_Turai:
Ni kuma ina so a koma kan maganar Nas_Balaraba, domin an wuce ta da sauri. Idan gudawa mai tsanani tana ninka haɗarin sau huɗu, alhali kowane wurin gado ɗan ƙari yake yi, me ya sa tsaftar ruwan sha ba ta cikin halayen da binciken 2024 ya duba? Sannan na ji ana cewa yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun yarinta yana da alaƙa da ciwon. Ina roƙon Likita_Sa'adatu ko Mai_Nazari su yi mana bayani ko maganin ne yake sauya ƙwayoyin hanji, ko kuwa cututtukan da suka sa aka sha shi ne suke barin tabonsu.